Hayaƙin Tungar Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, ku gyara zama. Akwai wani ɗan gari da ake ce wa Tungar Barmo, gida ashirin da rijiya ɗaya. Wani maharbi mai suna Barmo ne ya sari wurin, tun dajin yana hannun namun daji. Kafin ya kafa bukkarsa sai da ya yi alkawari da su, Kunkuru ya tsaya shaida. Aka ce muddin hayaƙi ya tashi a garin kowace rana kafin faɗuwar rana, gari na mutane ne. Ranar da rana ta faɗi ba a ga hayaƙi ba, gari ya zama kufai, daji ya karɓi abinsa.

Barmo ya mutu. 'Ya'yansa suka mutu. Jikokinsa suka yi furfura. Kunkuru yana nan.

Sai aka yi wata shekarar fari. Rijiya ta ƙafe, ƙoƙo ɗaya tak take tsattsafowa a yini. Maigari Tanimu ya tara jama'a ya ce kowa ya ɗaure kaya, za a koma bakin gulbi har ruwa ya sauka.

A cikin taron akwai wata tsohuwa, Tabawa mai daddawa. Shekara arba'in tana dafa kalwa, wutar murhunta ba ta taɓa mutuwa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa zai riƙe hayaƙi?"

Maigari ya ce, "Iya, wannan ai zancen tsofaffi ne."

Ta ce, "Ni ma tsohuwa ce."

Ya ce, "Ƙoƙo ɗaya ba ya shayar da gari."

Ta ce, "Yana shayar da ni. Ku sauka lafiya."

Aka yi rarrashi, ta ƙi. Aka yi faɗa, ta ƙi. Jama'a suka tafi da awakinsu da jakunansu. Maƙerin garin ma ya tafi da ƙyastu, ba a bar mata abin kunna sabuwar wuta ba. In ta murhunta ta mutu, shi ke nan.

Kowace safiya sai Tabawa ta tone toka, ta hura garwashi, ta yi waƙarta. Ku amsa mini.

Hayaƙi, tashi, tashi.
*Da mutum a gari.*
Je ka gaya wa na daji.
*Da mutum a gari.*

Kura ta ji labarin ƙaura. Ta daɗe tana sha'awar zauren Maigari, mai sanyi da inuwa. Ta hau tudu ta leƙo, sai ga hayaƙi siriri yana tashi. Ta ce wa Dila, "Malam, je ka tayar mini da tsohuwar nan da dabara."

Dila ya zo ya yi sallama har da durƙuso. Ya ce, "Iya, albishirinki. Daga bakin gulbi nake. 'Yarki ta sauka, namiji. An ce ki zo suna."

Tabawa ta ce, "Madalla. Wacce daga cikinsu?"

Dila ya ce, "Babbar."

Ta ce, "Allah mai iko. Ni da ban haifi mace ba. Gaishe ta, Malam, ka ce uwarta tana aiki."

Dila ya koma da kunya. Hayaƙi ya tashi.

Sai Kura ta zo da kanta. Ta tsaya a bakin gari ta ce, "Tsohuwa, gari naku ne, na yarda. Amma itacen daji na wa ne?"

Tabawa ta ce, "Naku ne."

Kura ta ce, "To daga yau ko tsinke kada ki ɗauka. In kin tsallake gonar ƙarshe, ke ma nama ce."

Tabawa ta ce, "Riƙe dajinki, Kure. Ban roƙe ki ba."

Ta koma gida ta dubi abin da ta mallaka. Ta fara da dangarta, kara ɗaya ɗaya, har ta ƙare. Ta faskara gadonta da turminta da taɓaryarta, suka ƙare. Ta hau ta sauke jinkar ɗakinta, ta riƙa ƙona ta kaɗan kaɗan, tana kwana sararin sama yana kallonta. Gidajen maƙwabta kuwa ko kara ba ta zare ba, domin amana ce aka bar mata.

Da jinka ta ƙare, ta tafi ƙofar Maigari. Ƙyauren zaurensa na itacen ƙirya ne, irin wanda garwashinsa ke daɗewa bai mutu ba. Ta dubi ƙyauren kamar Maigari ne a gabanta, ta ce, "Gari naka ne, ranka ya daɗe. Kai ma kawo gudummawarka." Ta ɓalle ƙyauren, ta ja shi har gida.

Hayaƙi, tashi, tashi.
*Da mutum a gari.*

Wata uku ana haka. Tabawa ta rame, ƙyaure ya ƙare, saura garwashi ɗaya kamar ƙwan kaza. Ran nan da azahar gabas ta yi baƙi. Ruwan da aka yi shekara ana roƙo, shi ne ya taso. Ga shi ita ba ta da rufi, iska kuma ta taso, ba damar ɗaukar garwashi zuwa wani gida.

Ta yi maza ta sa garwashin a sakaina, ta kife babbar tukunyar kalwa a kansa, ta tokare bakin tukunyar da ɗan dutse don ya sha iska. Ta hau kai ta zauna. Ruwa ya yi ta dukanta daga azahar har bayan la'asar. Ba ta motsa ba.

Da aka ɗauke ruwa, rana ta leƙo jajawur, saura kaɗan ta faɗi. Ko'ina a jiƙe. Ba hayaƙi. Sai ga Kura da Dila, sun ɗauko Kunkuru ya zo ya shaida.

Tabawa tana karkarwa don sanyi. Haƙoranta suna haɗuwa. Ta san ko ta buɗe tukunya ba ta da numfashin da za ta hura wuta, ba ta kuma da busasshen abin da za ta sa mata.

Kura ta ce, "Sannu da wanka, Iya. Ina hayaƙin?"

Tabawa ta ce, "Rana ba ta faɗi ba."

Kura ta ce, "Me kika zaune a kai haka?"

Ta ce, "Ba ruwanki. Gari za ki karɓa, ba abin da ke ƙarƙashin tukunyata ba. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ko warinsa ba za ki ji ba."

Dila ya ce, "Kure, ƙyale ta. Mu jira rana kawai."

Kura ta ce, "Yi shiru, Malam. Tsohuwa ba ta shan dukan ruwa a kan banza. Nama ne."

Tabawa ta ƙara riƙe tukunya ta ce, "Ko da naman ne, ba na makwaɗaita ba ne."

Ai kuwa Kura ta ture ta gefe, ta cusa hancinta ƙarƙashin tukunya. Ta shaƙa, ta fesar. Ta shaƙa, ta fesar. A ta uku garwashi ya yi ja, ya kama gashin bakinta. Ta fizgo kai tana kururuwa, ta zuba a guje cikin gari, hayaƙi yana tashi daga bakinta har saman rumbuna.

Tabawa ta ɗago daga cikin taɓo ta ce, "Baba Kunkuru, me ka gani?"

Kunkuru ya miƙa wuya a hankali ya ce, "Na ga hayaƙi a cikin gari, rana kuma ba ta faɗi ba."

Dila ya ce, "Ai hayaƙin Kura ne."

Kunkuru ya ce, "Ina nan aka yi alkawari. Hayaƙi aka ce. Ba a ce na wa ba."

Tabawa ta rarrafa ta ɗauki sakainarta. Garwashi ya farfaɗo sarai. Ta kai shi zauren Maigari, ta tara busasshen kashin jaki ta ɗora masa.

Bayan kwana uku jama'a suka dawo da shirin shuka. Suka tarar da kowane gida yadda suka bar shi, sai na Tabawa da ya zama fili, da zauren Maigari da ba ƙyaure. Maigari ya tsaya a ƙofarsa ya ce, "Iya, ina ƙyauren zaurena?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙyaure kake so ko gari? Ɗaya na iya ajiye maka."

Maigari ya sunkuyar da kai. Washegari shi ya fara ɗauko ciyawa, aka yi gayya aka rufa mata ɗaki. Mata kuwa duk murhunsu a sanyaye yake. Kowace ta zo da sakainarta ta ɗebi wuta a wurin Tabawa.

Shi ya sa har yau a Tungar Barmo, in ruwan farko ya sauka, kowane gida sai ya kashe wutarsa, a je gidan jikokin Tabawa a ɗebo sabuwa. Shi ya sa kuma bakin kura yake baƙi. Gari ba ya zama kufai muddin akwai mutum ɗaya da ya ƙi tashi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ke kusa da murhu ya rufa wa wuta toka.