Beguwa Mai Rubutu da Ƙayarta

Ku matso, 'ya'yana, girma bai hana sauraro. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji, Inna.

Beguwa da ƙayar jikinta take rubutu, Kura kaɗai take wa aiki. Kullum tsiga take, har bayanta ya koɗe.

Kurege ya ce, "Yaya, wannan sanƙon fa?"

"Kura na jiran kirarinta."

"Ran da ta ji yunwa, da me za ki tare ta? Ki huta, ki koya wa 'ya'yan Zomo karatu, ki kai labaranki kasuwa."

Beguwa ta ji magana, ƙaya ta tsiro. Kura ta zo a fusace, ta dubi bayan Beguwa, sai ta ce, "Sannu da hutawa, Malama."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. To, ku raba min gardama: alƙalumanta Kura ta girmama, ko tsininsu?