Ranar da Faramarz Khan Ya Ƙi Miƙewa

Akwai wani dattijo a nan Tehran, zamanin kakanninmu, sunansa Faramarz Khan Ardakani. Ya daɗe yana aikin jakadanci a Istanbul da Baku. Da ya dawo gida, mutanen yankinsu na Yazd suka zaɓe shi ɗan majalisa.

A majalisar akwai Haj Yadullah, mai sayar da dardumai, mutum mai kaifin harshe. Kullum sai ya tsokane shi.

"Ga Baturen Yazd nan! Agha, yau ma shiru za ka yi mana da Faransanci?"

Sai a fashe da dariya. Faramarz ya haɗiye, bai taɓa ramawa ba.

Ana nan sai Haj Yadullah ya tashi a zauren majalisa ya zargi wani babban waziri da kashe manoma a kan gonakinsu. Waziri ya rantse sai ya ga bayansa. Amma doka ta hana a taɓa ɗan majalisa sai 'yan'uwansa sun cire masa kariya. Kowa ya san in aka cire, igiyar rataya ce.

Da safiyar ƙuri'a wasu mutum biyu masu baƙaƙen kwat suka zo gidan Faramarz. Aka kawo shayi. Ɗayansu ya jefa sukari a baki, ya ce, "Agha, 'yarka Mahin ta girma, masha Allah. Mun gan ta jiya a hanyar makaranta. Hanyar nan babu mutane sosai."

Faramarz ya gane saƙon waziri ne.

Suna fita matarsa Turan Khanum ta riƙe masa hannun riga. "Faramarz, don Allah. Mutumin da ya mai da kai abin dariya? In kowa ya miƙe don a cire masa kariya, kai ma ka miƙe."

Ya dai ce kada Mahin ta fita yau.

A majalisa sojoji sun cika ƙofofi da bindigogi. Haj Yadullah na zaune shi kaɗai, leɓɓansa sun bushe. Shugaba ya ce wanda ya yarda a cire kariya ya miƙe.

Kujeru suka yi ƙara. Zaure duka ya miƙe, ban da shi Haj Yadullah da Faramarz.

Shugaba ya ce, "Agha Ardakani, ko ba ka ji ba ne?"

Gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Faramarz ya ce, "Na ji. Na zauna a garuruwan da aka fara da mutum ɗaya kamar haka. Wallahi ban ga inda aka tsaya a kan ɗaya ba. Ni ba zan miƙa shi ba."

Wani soja ya gyara bindiga.

Can sai wani tsohon malami daga Tabriz ya koma ya zauna. Na kusa da shi ya bi. Haka aka dinga zama har masu tsayuwa suka kasa kai rabi.

Haj Yadullah ya tsira. Faramarz kuwa aka ƙulla masa sharri, aka kore shi zuwa wani ƙauye a bakin hamada. Ranar da aka tafi da shi, Haj Yadullah ya kwashe Turan Khanum da Mahin ya kai su gidansa cikin kasuwa, inda ko sojan waziri bai isa ya shiga ba. Can suka zauna har waziri ya faɗi.

Da Faramarz ya dawo, ya rame, ya yi furfura, Haj Yadullah ya tare shi a ƙofar gari yana kuka.

"Ashe zaki ne kai, ɗan'uwa."

"Wane zaki, Haji? Ko da na so miƙewa ranar nan, gwiwoyina ba za su ɗauke ni ba."

Darasi: Jin tsoro ba laifi ba ne, laifin shi ne ka bari tsoro ya sa ka miƙa wani ga azzalumi, ko da maƙiyinka ne. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na cikin irin wannan jarrabawa yau.