Fuskokin da Sabuwar Waya Ta Gani a Kan Benci

Akwai wani akawu a ofishin fanshon tsofaffin sojoji, ana ce masa Dawo-Gobe. Kun dai ji sunan, ba sai na ƙarar muku da data wajen bayani ba.

Idan babban hafsa ya zo, da gudu yake tarbo shi su hau bene, kafin shayi ya huce an gama komai. Ƙananan sojoji kuwa, masu dogara sanda da masu ido ɗaya, dogon bencin bakin ƙofa ne rabonsu.

Cikinsu akwai Baba Kofur, wanda ya baro ƙafarsa ta hagu a fagen daga. An tsayar da fanshonsa don kwamfuta ta jefa shi cikin matattu. Kullum sai ya zo ya nuna kansa, ga tsohuwarsa a gida maganinta ya ƙare.

"Ɗana, dube ni da kyau. Na yi kama da gawa?"

"Baba, kwamfuta ta ce ka rasu, ni wane ne da zan yi mata musu? Allah ya ji ƙanka."

Ran nan Dawo-Gobe ya canja waya. Ya jefa tsohuwar mai maballi a aljihun tebur, ya fito da sabuwa dal, ko ledar allon bai ɓare ba. Rana tsaka, ofis shiru, fanka na ta ƙiiƙii, Baba Kofur ne kaɗai a kan benci.

"Marigayi, gyara zama in gwada kyamara da kai!"

Kun san wayoyin nan, in sun hango fuskar mutum sai su zagaye ta da ɗan akwati rawaya. To, akwati ya fito a fuskar Baba. Sai wani ya fito a gefensa, inda babu kowa. Sai wani. Kafin ya ƙifta ido benci ya cika da akwatuna a jere, wasu sun sunkuya kamar masu gyangyaɗi.

Ya leƙa ta saman wayar: benci wayam, sai Baba shi kaɗai. Ya goge gilashin da hannun riga, ya sake ɗagawa. A hankali akwatunan suka juyo suna fuskantarsa.

"Baba... su waye a kusa da kai?"

Tsohon ko waiwayawa bai yi ba. "Au, sai yau ka gan su? Wannan Saje ne, wancan mai busa ƙahonmu. Duk sun riga ni layi. Kai ka ce musu su dawo gobe, su kuwa sojoji ne, ba sa ƙin oda."

Dawo-Gobe ya juya kyamarar wajen kansa. Ga hancinsa, ga gashin bakinsa, amma babu akwati. Ya buɗe ido, ya yi murmushin dole. Babu.

Masinja ya shigo da tsintsiya. Dawo-Gobe ya ce, "Kai, zo ka duba min wayar nan!" Masinja ya wuce ta gabansa yana fito, ya kashe fanka, yana gunaguni: "Mutum ya fita ya bar fanka tana aiki."

Dawo-Gobe ya juya wajen tsohon. "Baba, kai kana ganina?"

"Ina ganinka, ɗana. Wanda aka daina gani ai ba ya rasa gane ɗan'uwansa."

Dawo-Gobe ya faɗa kan kujera, ya jawo kwamfuta. Ashe gyaran da tsoho ya tsufa yana jira bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ya danna, Baba Kofur ya dawo cikin rayayyu.

Masinja ya zabura har tsintsiya ta faɗi. "Oga! Ta ina ka shigo?"

Baba Kofur ya miƙe a kan sandarsa, ya ƙame, ya sara wa bencin, ya tafi saya wa tsohuwarsa magani.

Tun daga ranar Dawo-Gobe ya shiga bin matan mamatan gida-gida da haƙƙinsu. Duk wadda aka sallama, akwati ɗaya ya ragu. Sai ɗaya da ya ƙi tafiya, don mai shi bai bar kowa a duniya ba. Har yau in akawu zai wuce bencin da safe sai ya yi sallama, kuma masinja ya rantse min ana amsawa.

Darasi: Haƙƙin wanda ya sayar da ransa dominka ba ya bin sa kabari, yana nan zaune yana kallonka. Kada ka auna mutum da girman anininsa. Ku tura wa duk mai riƙe da haƙƙin wani, wanda kuma ya karanta ya ƙi turawa, to kada ya ɗauki hoto a ɗakin da babu kowa, ni dai na faɗa.