Kwalbar Gwaggo Tasalla

Wani kamfanin ruwan leda ya samu lasisin haƙa burtsatse a Tsamiyar Kura, da sharaɗi ɗaya: ranar da hukuma ta tabbatar a rubuce cewa rijiyar gari ta ƙafe, lasisi ya mutu. Wata uku, rijiya ta bushe har kaza ta yi ƙwai a ciki. Gwaggo Tasalla mai koko ta ɗaura zane, ta tafi birni ɗaukaka ƙara.

Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, doka ce. Ba ma sauraron ƙara sai da kwalbar ruwan rijiyar, a auna."

"Ranka ya daɗe, ai rashin ruwan na kawo ƙara."

"To ki kawo shi mu ga rashin nasa."

Washegari ta dawo ta dire masa kwalba wayam da ƙwai biyu. "Abin da guga ya fito da shi ke nan."

Shugaba ya ce, "An kori ƙara!"

"Na gode. Amma mutanenmu za su ce kasuwa na tsaya. Rubuta mini dalili, yallaɓai."

Ya ja biro yana murmushi: "An kori ƙara domin rijiyar ba ta da ko ɗigon ruwa." Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Tasalla ta hure tawadar, ta naɗe takarda a bakin zane.

"Allah ya saka. Yanzu kai za ka sanar da kamfani, ko ni? Ƙwan ka riƙe, na rijiya ne."