Magidancin da Ya Rage Tuwon Matarsa

Akwai wani magidanci da ya auri wata mace mai suna Afiniki, wadda aka haifa a shekarar babbar yunwa. Uwarta ta yi goyon cikinta tana cin dusa da tafasa. Ran aure ya durƙusa gaban surukarsa ya ce, "Mama, muddin ina numfashi, 'yarki ba za ta ƙara sanin yunwa ba."

Ya kuwa cika alkawari, har ya zarce. Shayi da sukari kamar zuma, shinkafa da kitse, lemon kwalba, ya kuma hana ta zuwa gona. Afiniki ta yi ɓulɓul. Matan zumunta na coci suna cewa ga mijin da ya iya riƙon mace, shi kuwa gogan naku sai washe baki.

To, jiki magayi. Ƙishirwa ta addabe ta, wani miki a ƙafarta ya ƙi warkewa. Likita ya ce wa magidancin, "Ciwon suga ne. Jikin da ya soma rayuwa cikin yunwa yakan saba da kaɗan, in wadata ta zo sai ta fi ƙarfinsa. In ba a canza cimarta ba, za ta rasa ƙafar nan."

Hankalinsa ya tashi ƙwarai, amma bai yi gardama ba. Ya karɓi magani, ya kawar da sukari, ya sa ake tuƙa tuwon acca ɗan kaɗan da miyar ganye. Nan da nan gari ya ɗauka wai ya gaji da matarsa. Maganar ta yi masa zafi, ya haɗiye.

Sai ga surukarsa da sandarta, ta iske su suna cin abinci. Ta ce, "Ɗana, ina alkawarinka?"

Ya tura mata kwanonsa, daidai yake da na Afiniki. Ya ce, "Mama, yunwar nan ba ta tafi ba, a jikin 'yarki ta ɓuya. Da ita nake yaƙi har yau. Abin da Afiniki ta ci, shi zan ci."

Tsohuwa ta dubi kwanonin, ta zauna, ta ce a zuba mata irinsa. Kafin kaka mikin ya rufe, Afiniki ta taka har gona da ƙafarta.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Da yawa cikinmu yunwa ce ta yi mana yaye, muna kuma ramawa da cika kwano. Ku je a auna jininku tun ba ku kwanta ba. Ubangiji ma yakan auna wa 'ya'yansa rabo don yana ƙaunarsu, ba don rumbunsa ya ƙare ba. In ya zama dole ka rage wa wanda kake ƙauna tuwo, kada ka bar shi ya ci shi kaɗai. Ka fara rage naka.