Zaren da Aka Tsinta a Tsakar Gida

Ranar Talata, tara ga watan Safar, a zamanin da, aka fara zaluntar Hurera masaƙiya, kuma Waziri Barmo ne ya fara.

A birnin nan kowane gida yana da zaren asali, wanda da shi ake kwaikwayon duk abin da za a saƙa, kuma ba ya barin ƙuryar ɗaki. Abokan gaba ba sa zuwa da mashi. Zarensu suke jefawa tsakar gida, masaƙa su ɗauka cikin rashin sani, su yi ta saƙa wa maƙiyi rigunan yaƙi. Don haka sarki ya sa dogari a kowane gida. Dogarin ba ya bambance zaren gida da na baƙo, wuri kawai yake dubawa. In ya ga zare a tsakar gida sai ya buga ganga, maƙwabta su rufe ƙofofi, a cinna wa gidan wuta don birni ya tsira.

To, saƙa ba ta rasa ɓurɓushi, shi ya sa akwai masu shara da ke kwashe guntayen zaren gida kafin dogari ya gani. Su ne Waziri ya kora ran Talatar nan, wai tsintsiyarsu tana iya share shaida.

Ba a jima ba guntun zaren Hurera ya maƙale a takalminta, ya faɗi tsakar gida. Ganga ta tashi, aka cinna wa gidan wuta, Hurera ta tsira da kyar. Mijinta Tanimu yana kwance da ciwon ƙafa, bai samu fita ba. Aka binne shi bayan ganuwa, inda ake binne maciya amana.

Da ta kai ƙara fada, Waziri ya ce doka aka bi, dogari bai yi kuskure ba. Hurera ta ce ai ƙarar wanda ya kori masu shara ta kawo, ba ta dogari ba, shi dogari aikinsa ya yi, kuma ba don irinsa ba da birni ya daɗe da faɗuwa. Ta roƙi a kawo guntun da aka tsinta, a gwada da zanen jikinta da aka saƙa da zaren gidanta. Malamai suka gwada, suka ce zare ɗaya ne.

Sarki ya sa a mayar da masu shara, a kwance rawanin Barmo, a gina mata gida. Fadawa suka ce ta yi godiya ta tashi. Ba ta tashi ba.

"Ranka ya daɗe, da ganga aka shaida wa birni mijina maci amana ne. A buga ta ran kasuwa, Barmo ya tsaya ba rawani, ya kira sunan Tanimu, ya nemi gafara kowa na ji."