Barcin Bunsuru a Majalisa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta!

Awaki suka zaɓi Bunsuru ya wakilce su a Majalisar Dawa. Kullum sai ya cika cikinsa da dusa, ya hau kujera ya yi ta barci.

Ran nan Kura ta kawo ƙudirin a cire shingen awaki. Zaki, shugaban majalisa, ya ce, "Wa ya amince?"

Bunsuru ya farka firgigit, ya ce, "Ni!" Da ƙuri'arsa ƙudirin ya zama doka.

Ya koma gida ya tarar ba shinge, ba autarsu, Kura ta ɗauke ta.

Uwarsa ta ce, "Ɗan nan, kana ina aka yi wannan doka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina wurin, Inna."

"To, me ka ce?"

Har yau in Bunsuru zai yi kuka in'ina yake yi, yana neman amsar da zai ba ta.

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɓera!